Misalan littafi ko kasuwar yau: da wanne za a koyar da dabarun talla?

Malamin da ke koyar da tallata kaya yana iya riƙe misalan da suka daɗe a littafi: yadda Coca-Cola ta sauya ɗanɗanonta a 1985, masu sha suka yi mata caa, ta dawo da tsohon kafin wata uku, ko yadda Kodak, mai ƙera kyamara da fim ɗin ɗaukar hoto, ta durƙushe a 2012. Labarin ya riga ya ƙare, an san sanadi da sakamako. Sai dai ɗalibin da bai taɓa ganin kyamarar fim ba hadda kawai zai yi ya juye a jarrabawa.

Ɗaya hanyar ita ce a ɗauko abin da ke gudana. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, har mai shayi da mai tsire sun koma karɓar tiransifa, manhajojin tura kuɗi irin su OPay da Moniepoint kuwa suka samu kasuwa. Me ya sa mutum ya yarda ya zuba kuɗinsa a manhajar da bai san ofishinta ba? Wannan tambayar kaɗai ta isa darasi guda. Ko a tura ɗalibai shagon unguwa su tsaya su ga mai sayen madarar leda ɗaya maimakon gwangwani, su lissafa wanne ya fi tsada a kowane giram, sannan a shiga batun farashi.

Ni dai na fi karkata ga ta biyun, duk da wahalarta. Yayi ba ya jira, alkalumansa ba su cika samuwa ba, kuma dole malam ya riƙa sabunta darasinsa kowane zango.