Gargaɗi kan mai sayar da kwantak lens a intanet: kwali shida na biya

Jama'a, da ido ɗaya nake wannan rubutu, ɗayan ya yi jajir yana ta zubar da hawaye. Kuɗin kwali shida na tura wa matar nan, kwali shida cur, wai gilashin nan da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido maimakon tabarau. Biyu kacal suka iso, kuma su ma da ba su zo ba da ya fi.

Kafin wani ya ce ai wauta ce, a saurare ni tukuna. Ba jiya na fara saka tabarau ba, na san lambar idona, -6.00. Na tambaye ta ko ba sai an gwada ni ba. Ta turo min saƙon murya, har yanzu yana wayata: "Haba 'yar uwa, ai lambar tabarau ita ce ta kwantak, turo min hoton takardarki kawai, ni ma'aikaciyar asibitin ido ce." Da farar riga take a hotonta. Shafinta cike da mata suna godiya. Fisabilillahi wa zai yi zargi? "Haba 'yar uwa." Wannan kalmar ce take ta yi min yawo a kai, yadda ta faɗe ta cikin sanyin murya kamar mun tashi gida ɗaya.

Da likitan ido ya duba ni sai ya girgiza kai kawai. Tabarau yana zaune ne kimanin milimita 12 daga ido, kwantak kuwa a jikin idon yake, shi ya sa in lamba ta wuce 4.00 ba sa zuwa ɗaya. Mai -6.00 a tabarau wajen -5.50 yake buƙata. Ban da wannan akwai lankwasar gilashin da ake rubutawa BC, irin su 8.4 ko 8.6, da faɗinsa, DIA, wajen milimita 14. Ba a sanin wanda ya dace da mutum sai an auna idonsa, an saka masa, an duba yadda yake motsi in ya ƙifta. Matar nan ko sau ɗaya ba ta ambaci BC ba. Ga shi ina da astigmatizim, wato rashin daidaiton lankwasar ido, wanda ke buƙatar nau'i na daban mai ƙarin lambobi biyu, kuma yana nan a rubuce a takardar da na tura mata. Ma'aikaciyar asibiti wai!

Af, na manta, tun kafin kayan su iso ta sa na ƙara kuɗi. Da farko kwali uku na ce. Ta ce in na cika shida za ta haɗa min da ruwan wankewa kyauta, ragin kuma daren nan zai ƙare. Na cika shida. Ruwan bai zo ba. Da na tambaya, ko kuwa bayan ido ya fara ciwo ne, kaina ya ɗau zafi, ta ce in riƙa jiƙa su a ruwan famfo, ba komai. Allah ya taimake ni wannan kam na ƙi. Likita ya ce akwai wata ƙwayar cuta a ruwa mai suna Acanthamoeba, in ta shiga tantanin baƙin ido tana iya makantar da mutum.

Kwalayen biyu babu lambar kamfani ta rukunin kaya, babu ranar lalacewa, an manna wata takarda a inda ya kamata su kasance. Ta ce na wata guda ne, har kwana za a iya yi da su. Tantanin baƙin ido ba shi da jijiyoyin jini, daga iska yake samun iskar oksijin, ka rufe shi da robar da ba a san asalinta ba kuma ka kwanta barci? A Amurka hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta ɗauki kowane kwantak, har na kwalliya mai launi, a matsayin kayan asibiti, ba a sayarwa sai da takardar likita. Ita kuwa tana rabawa ta WhatsApp.

Da na tura mata hoton idona na ce ina sauran huɗun, sai ta ce ni ce ban iya sakawa ba. Washegari ta toshe ni. Shafin ya canja suna, hotunan dai su ne. Kuɗin kwali shida, ga kuɗin ganin likita, ga maganin ɗigawa, ga kunyar bayani a gida.

Hotunan hirarmu da rasit da saƙon muryar duk na adana, zan ɗora su da zarar idon ya bar ni na kalli waya sosai.

Ku je a auna ku kafin ku saya. Kwalin da babu ranar lalacewa kada ya kusanci idonku. In ido ya yi ja ko yana zafi, cire shi nan take ku ga likita. Wadda kuma ta taɓa tura wa matar nan kuɗi ta yi min magana, ina tattara shaida.