Zymomonas ko E. coli: wanne ya fi dacewa da sukarin karan masara?

Ɗalibai sun sha tambaya: wace bakteriya za a gyara wa ƙwayoyin gado don samar da etanol daga kara? Kara na ɗauke da nau'o'in sukari irin su gulukos da zailos, kuma zailos ɗin ne ƙashin bayan rigimar.

Zymomonas mobilis gwanar etanol ce, tana kaiwa kusan kashi 97 cikin 100 na iyakar da lissafi ya yarda, wato giram 0.51 daga kowane giram na sukari. Sai dai ba ta cin zailos. A 1995 masu bincike na NREL, cibiyar binciken makamashi mai sabuntawa a Amurka, suka dasa mata ƙwayoyin gado huɗu daga E. coli. Ta fara ci, amma wani kaso na zailos yana rikiɗewa zuwa zailitol, shi kuma ya taru ya danne enzayim (furotin mai hanzarta aiki) ɗin farko na hanyar sarrafa zailos, aiki ya yi sanyi. Asid ɗin asetik da ke fita daga dafaffen kara ma yana wahalar da ita.

E. coli kuwa tana cin sukari iri-iri, har da zailos, amma tana ɓarnatar da shi wajen yin asid irin su laktet, asetet da suksinet. Nau'in KO11 na Jami'ar Florida an ba shi pdc da adhB, ƙwayoyin gadon yin etanol na Zymomonas, aka toshe hanyar suksinet. Rauninta juriya: etanol na kusantar kashi 4 zuwa 5 sai ta karaya, kuma tsaka-tsakin pH (ma'aunin tsami) da take so yana gayyato baƙin ƙwayoyi cikin tanki.

Mai neman etanol mai kauri daga ruwan da gulukos ya rinjaya, Zymomonas ce tasa. Mai gaurayen sukari da ke son sauƙin gyara a ɗakin gwaji, ya ɗauki E. coli.