Gargaɗi: mai sayar da na'urar gem da "tashoshi har abada" ɗan damfara ne

Jama'ar Kaduna, akwai wani yaro da ke yawo da na'urorin gem na hannu, yana cewa ya saka musu tashoshin talabijin ta intanet, biya ɗaya har abada. Ɗan damfara ne. Naira 185,000 ya karɓa a hannuna. Dubu ɗari da tamanin da biyar, kuɗin da na tara da cajin naira ɗari-ɗari a kan POS, ina zaune cikin rana a Tudun Wada.

Kafin wani ya fara cewa kwaɗayi ne ya ja ni, ku tsaya ku ji. Sana'ata kuɗi ce. Na san alat na bogi tun daga nesa, na sha korar masu zuwa da hoton tiransifa na ƙarya. Ban tura wa yaron nan ko sisi ba sai da na gan shi ido da ido, na riƙe na'urar a hannuna. Kuma abin da ya zo da shi ba tatsuniya ba ne. Tun 2005 kamfanin Sony ya fito da hanyar kallon talabijin ta intanet a PSP, na'urarsu ta gem ta hannu, sai dai dole ka ajiye wani akwati a gida haɗe da dikodarka. Yanzu kuwa na'urorin gem masu Android sun cika gari, yawancin manhajojin da waya ke ɗauka suna ɗauka. To mene ne abin mamaki don wani ya ce ga ƙwallo a ciki?

A Facebook na fara ganin tallarsa, muka koma WhatsApp. Ya ce mu haɗu a Kasuwar Barci ranar Asabar da yamma, wai don in ga wasa kai tsaye da idona. Na same shi zaune a benci a ƙofar wani shagon kayan waya, yana ta hira da dattijon da ke ciki, har yana miƙa masa caja. Wa zai ce ba shagonsu ba ne? Ya miƙe ya ba ni wuri, Yaya kaza, Yaya kaza. Ya haɗa na'urar da datar wayarsa, ya danna, sai ga wasan Firimiya tar a allo. Ban yarda ba. Na kira abokina da ke gidan kallo a unguwarmu na ce minti nawa ake, ya faɗa, na duba, daidai, bambancin bai kai minti ɗaya ba. Ku gaya mini, wane bincike ne ya rage ban yi ba?

Daga nan ya juya zuwa Arewa24, ya juya zuwa tashar yara ta katun, sannan ya kai tashar Makka, ana ɗawafi. Nan ne wurin da ke hana ni barci. Ya bar hoton Ka'aba a allo, ya ɗora yatsa a kai, ya ce: "Yaya, wallahi in na cuce ka kada Allah Ya kai ni nan." Da bakinsa. Yatsansa a kan allon. Ni kuma na ce masa haba ƙanena, ba sai ka rantse ba. Ni ne ma na hana shi rantsuwa! Ina hana shi, ina ciro waya ina tura masa 165,000, wato 120,000 kuɗin na'ura, 45,000 kuɗin tashoshin har abada.

Af, na manta, kafin tiransifar sunan da ya fito a asusun na mace ne. Na tambaya, ya ce matar yayansa ce, nasa asusun ya kai iyaka. Duk mai POS ya san ana samun haka, kullum sai na gani a teburina. Ko a ranar da safe ma sai da wani ya karɓi kuɗi ta asusun ƙanwarsa. Don haka kada wanda ya zo mini da wannan maganar.

A daren na kalla lafiya. Yarona ya buga gem har ya yi barci da ita a ƙirji. Washegari Lahadi da yamma, na jingina ta da kwalin rasit a teburina, mutane biyu sun tsaya a kaina za mu kalli wasa, sai allo ya yi baƙi, rubutu ya fito wai asusu ya ƙare. Na kira shi, ya ɗauka nan take, murya a sake. Ya ce saba, wato kwamfutar da ke turo tashoshin, ita aka sauya daga Dubai, sai an sake buɗe mini layi da 20,000, kuma za a mayar mini cikin mako. Wanda ya riga ya zuba 165,000, zai tsaya jayayya a kan 20,000? Na tura. Tashoshi suka dawo kafin a tafi hutun rabin lokaci. Ran Litinin suka sake ɗaukewa, lambarsa ma ta ɗauke, a WhatsApp hotonsa ya ɓace, shafin Facebook ɗin babu shi. Ya yi layar zana da 185,000.

Dattijon shagon, da na koma, cewa ya yi: "Ɗana, ni ban san shi ba. Ya ce yana jiran yayansa ne, na bar shi ya zauna." Ashe ni ne yayan.

Wani mai gyaran waya a Babbar Kasuwa ta Sheikh Gumi ne ya warware mini komai cikin ɗan lokaci. Ya shiga saitin manhajar, can ƙasa inda bayanin asusu yake, ya nuna mini layi biyu: nau'in asusu, gwaji, ƙarewa, awa 24. Ya ce abin da ake kira IPTV ke nan, wato talabijin ta intanet, amma na bayan fage. Dillalan suna satar tashoshi su zuba a saba, kuma suna ba da layin gwaji kyauta na kwana ɗaya don jan kwastoma. Suna, lambar sirri da adireshin saba, shi ke nan. Yaron nan gwajin kyauta ya karɓo ya sayar mini 45,000. Da ya ƙare ya karɓo wani gwajin kyautan ya sayar mini 20,000. Dubu sittin da biyar a kan abin da ko kwabo bai biya ba. Na'urar kuma tsohuwa ce aka goge aka sa a sabon kwali, batirin ya fara kumbura har murfin baya ya ɗaga, mai gyaran ya ce ko 50,000 ba zai saya ba.

Wai kuma ba ta cin data, haka ya ce mini ranar Asabar ɗin, ko tun a WhatsApp ne, zan duba. Netflix da kansu sun ce awa ɗaya ta hoto mai kyau tana iya cin giga 3. Wasa kusan awa biyu ne. Ga shi tun 2025 da hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari kowa ke kuka. Datar da na saya ta wata guda a waɗannan kwanakin ta tafi, ban ma sa ta cikin lissafin 185,000 ba.

Ba ni kaɗai ba ne. A wurin mai gyaran na ji labarin wata baiwar Allah daga Rigasa da ta ba yaron nan kuɗi ya saka wa Nintendo Switch ɗin ɗanta tashoshi. Switch tana da YouTube tun 2018, amma ba ta da Netflix, ba ta da manhajar DStv. Ita ko gwajin ba ta gani ba, cewa ya yi ta bar masa na'urar ta dawo gobe.

Na kai rahoto, na kuma rubuta wa bankina da lambar asusun da kuɗin ya shiga. Ina da rasit na tiransifa guda biyu, ina da hirarmu tun daga sallamar farko, ina da saƙon muryar da yake cewa har abada, sau biyu ya faɗa. Zan ɗora su duka da zarar na rufe sunan matar, don ban san ko ita ma amfani aka yi da ita ba.

Firimiya a nan SuperSport ke da izinin nunawa, kuma duk wata ake biya. Wanda ya ce muku har abada, ku tashi ku bar shi. In har sai kun saya, ku shiga saiti ku duba ranar ƙarewa kafin ku taɓa wayarku. Yaron nan siriri ne, dogo, yana da tabo a girar hagu, yana yawo da baƙar jakar goyo. Wanda ya gan shi a Kawo, Kakuri ko ko'ina ya sanar da hukuma, kada a taɓa shi, ina son ya maimaita rantsuwar nan a gaban alƙali.