Sharhi: ciro kalmar sirrin Wi-Fi da waya ta riga ta adana

Na gwada hanyoyin da ake bi a ciro kalmar sirrin Wi-Fi daga waya, a kan Tecno, Samsung da iPhone, irin waɗanda suka cika hannun mutane a Garwa da Marwa, a arewacin Kamaru. Hukuncina shi ne, abin da wayar ta zo da shi ya wadatar, kada ka sauke wata manhaja.

Tun daga Android 10, wanda ya fito a 2019, aikin ya yi sauƙi. Yawancin wayoyinmu da Faransanci suke, don haka shiga Paramètres, sai Wi-Fi, ka taɓa sunan layin da kake kai, ka nemi Partager ko Code QR. Wata wayar za ta nemi zanen yatsa ko lambar buɗe allo, sannan ta nuna hoton QR, wato murabba'in ɗigogi da waya ke iya karantawa. A wasu, kalmar na rubuce ƙarara a ƙarƙashin hoton. A wasu kuwa, musamman tsofaffin Samsung, hoton kaɗai za ka gani, kuma nan ne mutane ke zaton an hana su.

Ba a hana ka ba, kalmar na cikin hoton. Ɗauki hoton allon, ka buɗe shi da Google Lens, ko ka haska shi da wata wayar. In manhajar karantawar ta nuna rubutun ɗanye, za ka ga harafin S da sunan layi a bayansa, T da irin tsaron, galibi WPA, sai P. Abin da ya biyo bayan P: har zuwa alamar ; shi ne kalmar. A kula: idan kalmar kanta na ɗauke da alamar ; ko : to ana sa \ kafin alamar. Wannan karan ba ya cikin kalmar, wanda ya kwafe har da shi wayarsa za ta ce kuskure.

A iPhone sai iOS 16 na 2022 zuwa sama: Réglages, Wi-Fi, ƙaramin harafin i, ka taɓa ɗigogin Mot de passe, ka nuna fuska ko yatsa. Wannan ya fi kowanne tsafta.

Inda hanyar ta fi gazawa shi ne Android 9 zuwa ƙasa. Kalmar na ɓoye a fayil ɗin tsarin waya, ba ta buɗuwa sai an yi wa wayar root, wato an fasa tsaron tsarinta. Manhajojin da ke alkawarin nuna ta ba tare da haka ba, waɗanda na gwada talla kawai suka zuba, suka ci data. Ban kuma ga dalilin fasa tsaron wayar da ke ɗauke da asusun kuɗi na Orange Money ko MoMo saboda kalma ɗaya ba.

Mai irin wannan waya ya koma kan modem ɗin. Kalmar asali na kan takardar da ke manne a bayansa ko ƙarƙashin batir. In an canza ta, buɗe 192.168.8.1 a burauzar waya in modem ɗin Huawei ne, wasu kuma 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, ka duba sashen Wi-Fi. Maɓallin reset ya zama na ƙarshe, domin yana goge duk saitin, kowa a gidan sai ya sake haɗawa.

Hoton QR ɗin nan kuwa, ka goge shi da ka gama. Duk wanda ya same shi a WhatsApp ya sami kalmar, kuma kuɗin datar daga aljihunka zai fita.