Hattara da masu "sokawen zamani wanda ba ya cika"

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jan ƙafa a kan wannan rubutu, don ba abin tutiya ba ne magidanci ya fito ya ce an damfare shi a kan ramin bayan gida. Abin da ya cire mini kunyar shi ne makon jiya wani abokina da muka yi sakandare tare ya turo mini bidiyo ta WhatsApp, yana tambaya ko na san waɗannan mutane, domin yana so ya ba su aikin sokawe a gidan gonarsa. Ban kai rabin bidiyon ba na gane muryar mai maganar.

Mahaifiyata tana zaune a ƙauyenmu a ƙasar Kura, ni kuma aiki ya ajiye ni a Abuja. Shekaru sun ja, gwiwa ta ƙi, tsugunno a masai ya zame mata azaba. Sai muka yi shawara da ƙannena a farkon 2024 a yi mata bayi na zama mai ruwa a jikin ɗakinta. Duk wanda ya taɓa gini a lokacin ya san halin da ake ciki. A watan Fabrairu buhun siminti ya haura naira 10,000, rodi kuwa sai dai ka tambayi kuɗinsa ka yi shiru. Tsohon maginin da ya gina gidan tun mahaifinmu yana da rai ya zauna ya yi mana lissafi, ya ce ramuka biyu za a yi, kuma ba za su gaza naira 900,000 ba. Na ce a raina Baba ya tsawwala.

Ana cikin haka aka haɗa ni da wani a wajen ɗaurin aure. Mutum ne mai fara'a, bakinsa kamar an shafa zuma, kowace magana "Alhaji, ranka ya daɗe". Ya ce shi injiniya ne, sun kawo fasahar zamani, rami ɗaya tak, ba ya wari, ba ya cika har abada, ba za a taɓa kiran motar yashe masai ba. Akwai wani gari da ake zubawa, in ji shi, mai cinye ƙazanta ya mayar da ita ruwa. Ya kawo zancen yadda aka ayyana Jigawa a 2022 a matsayin jiha ta farko da ta rabu da yin bahaya a fili, ya kawo zancen dokar da shugaban ƙasa ya sa wa hannu a 2019 kan wannan batu. Duka biyun gaskiya ne, na san da su, kuma da su ya ɗaure ni. A kansu ya ɗora ƙaryarsa: wai akwai wasu masu ba da tallafi da ke biyan wani kaso ga gidajen karkara, ni zan biya naira 650,000 kawai, amma sai in ba da kafin alƙalami kafin Juma'a don za a rufe rajista.

Na tura naira 450,000. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, ba kuma na kamfani ba. Da na yi magana sai ya ce na akantansu ne. Na gani da idona, na kawar da kai.

Ran Litinin suka fara, ran Alhamis ya turo bidiyo an gama. Murfin kankare sumul, an shafe shi da fenti, ga bututun fitar da iska a tsaye har da 'yar hularsa. Na ji daɗi, na tura cikon kuɗi, na ƙara masa na mai. Ya bar wa Hajiya ƙulli uku na garin nan, ya ce in sun ƙare kowane ƙulli naira 8,000 ne, a riƙa zubawa duk wata. Kawuna, ƙanen Hajiya, shi kaɗai ya kira ni ya ce, "Kai ɗan nan, ni fa ban ga sun zuba kankare a ƙasan ramin ba, kuma ya yi kusa da rijiya." Na ce, "Kawu, fasahar zamani ce, ba irin taku ba ce." Allah ya yafe mini wannan magana.

Da rani komai lafiya lau. Damina na sauka asiri ya fara tonuwa. Wanda ya san Kura da Kadawa ya san ƙasar noman rani ce, ruwan Tiga na ratsa gonaki, kuma a wurare da yawa ba ka yin nisa da haƙa za ka tarar da ruwa. A watan Yuli bayin ya fara wani gurnani in an kora ruwa. A watan Agusta ruwan ya daina tafiya, ya koma dawowa. Wari ya cika tsakar gida har Hajiya ta daina shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiya. Sai ruwan rijiya ya canza ɗanɗano, jikoki biyu da suka zo hutu suka kwanta da gudawa. Rannan wani ya shigo da amalanken shanu zai sauke taki, ƙafar amalanken ta hau gefen murfin, kankaren ya tsage gida biyu.

Na kira lambarsa, a kashe. Na kira ta biyu, wata mata ta ɗauka ta ce ba ta san shi ba. Adireshin da ke jikin katinsa ƙanena ya bi, ya tarar da shagon cajin waya.

Da kunya da komai na koma wajen Baba magini. Bai yi mini gori ba, sai ma na gwammace da ya yi. Ya sa aka ɗage murfin muka leƙa. Rami ɗaya ne, zurfinsa bai kai tsayina ba. Bulo mai inci 6 aka jera, irin wanda kake murzawa da yatsa yana zuba, babu filasta ko kaɗan. Ƙasan ramin ƙasa ce tsagwaronta. A cikin murfin da ya tsage mun ƙirga siraran rodi guda huɗu, sauran wurin kuwa karan dawa ne da guntayen katako da aka bari a ciki. Amma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bututun iskan nan mai hula. Baba ya kama shi ya girgiza, ya zare shi. Dasa shi kawai aka yi a cikin kankare kamar tsinke a tuwo, ƙasansa a toshe, ba ya kaiwa cikin ramin. An sa shi ne don bidiyo. Sai ya taka daga bakin ramin zuwa rijiya yana ƙirgawa a fili: taku tara.

A nan tsaye, hannunsa riƙe da bututun, ya yi mini karatun da ya kamata in nema tun farko. Abin da mu duka muke kira sokawe, in ji shi, abu biyu ne. Na farko tanki ne a ƙarƙashin ƙasa, wanda dole ya riƙe ruwa kamar randa: a daɓe ƙasansa da kankare, a gina shi da bulo mai inci 9 a cike ramukan bulon, a yi masa filasta ciki. Ana raba shi ɗaki biyu, na farkon ya ɗauki kamar kashi biyu cikin uku na tsawon. Ƙazanta in ta shigo, mai nauyi ta kwanta a ƙasa, maiƙo da kumfa su taso sama, ruwan tsakiya shi ke tsallakawa ɗaki na biyu. Bututun shiga yana ɗan fin na fita tsayi, kuma kowanne ana sa masa kai mai siffar T don kada abin da ke yawo a sama ya bi ya fita. Na biyun shi ne ainihin sokawe, ramin da ruwan da ya riga ya tace yake zuwa ƙasa ta shanye shi a hankali. Shi wannan ba a yi masa filasta, da gangan ake barin ƙofofi a jikinsa. Abin da aka yi mana ba tanki ba ne, ba kuma sokawe ba ne, masai ne na gargajiya da aka haɗa wa ruwa aka ɗora masa kwalliya.

Daga baya na bincika wajen ma'aikatan tsaftar muhalli, waɗanda iyayenmu ke kira duba-gari, maganarsu ta zo daidai da ta Baba. Ƙa'idar da aka fi bi ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30, wato kusan ƙafa 100, tsakanin irin wannan rami da rijiya ko burtsatse, ramin kuma ya kasance ta gangaren ƙasa, ba ta saman rijiyar ba. Ƙasan ramin ya kamata ya fi matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa tsayi da aƙalla mita ɗaya da rabi, kuma matakin damina ake dubawa, ba na watan Maris ba. Akwai kuma gwajin da ba ya cin ko sisi: a haƙa ɗan rami a wurin, a cika shi da ruwa, a ga yadda ƙasa ke sha. Ƙasa mai rairayi tana shanyewa nan da nan, laka kuwa sai ruwan ya kwana yana kallonka. Mutumin nan bai tambayi inda rijiya take ba, bai tambayi mutum nawa ne a gidan ba, ni ma ban lura cewa bai tambaya ba.

Batun "ba ya cika" kuwa, ku bar shi a inda kuka ji shi. Ƙwayoyin halittar da ke narkar da ƙazanta suna cikin ita ƙazantar tun daga cikin mutum, ba sai an sayo su a ƙulli ba. Kuma duk narkarwar da za su yi, akwai laka da ke saura tana taruwa a ƙasa, shi ya sa tanki na gaskiya ake yashe shi bayan 'yan shekaru, galibi uku zuwa biyar, gwargwadon girmansa da yawan mutanen gida. Ba ina cewa duk sabuwar fasaha ƙarya ba ce. Akwai ƙananan tankunan narkar da ƙazanta na gaskiya, ana amfani da su sosai a Ghana da kudancin ƙasar nan, amma su ma masu yin su na kirki za su gaya maka ana buɗewa a kwashe abin da ya taru, kuma ruwan da ke fita yana buƙatar inda zai bi. Garin da aka bar wa Hajiya, Baba ya shinshina ya murza a tafin hannu ya ce shi dai toka yake gani da ɗan shuɗi.

Wani abu ya faru a ranar da ba zan manta ba. Wani yaron maƙwabta, don neman lada da ɗan na goro, ya tuɓe riga zai dira cikin ramin ya zaro abin da ya toshe bututu. Baba ya daka masa tsawar da ban taɓa jin irinta daga bakinsa ba. Iskar da ke taruwa a irin waɗannan ramuka tana sumar da mutum cikin ɗan lokaci, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma a can yake zama. Don Allah kada a bar kowa ya shiga, ko da ramin bai yi zurfi ba.

Jikokin sun warke, alhamdu lillahi. Amma duk wanda ya tuna 2021, shekarar da amai da gudawa ya kama mutum sama da 100,000 a Najeriya ya kashe fiye da 3,000, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin inda ya fi tsanani, ya san da abin da muka yi wasa. Ba gidanmu kaɗai ke ɗiban ruwa a rijiyar nan ba, gida huɗu ne.

Na kai ƙara, an rubuta, muna jira. A wajen bin sawu ne muka gano wasu gidaje uku da ya yi wa irin wannan aiki, kuma labarinmu kamar an kwafa: mai gida yana birni, tsohuwa ko iyali suna ƙauye, tallafin da za a rufe ran Juma'a, asusu da sunan wani, aiki cikin kwana huɗu. Ya san abin da yake nema, wato mai kuɗin da ba ya nan da kuma aikin da ake binnewa. Kwana huɗun nan ma kaɗai ya isa ya tayar da hankalin wanda ya san gini, domin kankare yana son a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfinsa.

Da muka sake aikin, Baba ya gindaya sharuɗɗansa, ni kuma na ƙara nawa. Ni na sayi siminti da rodi da bulo da kaina, shi kuɗin aikinsa kawai ya karɓa, kashi-kashi. Ba a zuba murfi ba sai da Kawu ya tsaya ya ƙirga rodin, ya ɗauki hoto da tef ɗin awo a jiki. Kafin a haɗa bututu an cika tankin da ruwa, aka yi alama a bango, aka bar shi ya kwana, da safe muka duba ko ya ragu. Sokawen kuma sai da muka kai shi can bayan gida cikin gona, muka ƙara tsawon bututu, muka ɗaga shi sama da yadda aka saba saboda ruwan wurin. Abin da na kashe a karo na biyu ya haura lissafin Baba na farko, ga 650,000 da suka tafi, ga kuɗin cike tsohon ramin. Rijiyar har yau a rufe take, 'yan garuwa ke kawo wa Hajiya ruwa.

Ban ambaci sunansa ba saboda maganar tana hannun hukuma, kuma sunan ma ba ɗaya ba ne, kowane gida da wanda ya ba su. Na ji an ce yanzu ya koma wajen Bichi da Ɗambatta. Bidiyon da abokina ya turo mini, wanda ake nunawa a ce ga irin aikinsu, akwai koren ƙyaure a ciki da bishiyar darbejiya, da wata tsohuwa a kan kujera tana sa albarka. In an nuna muku shi, gidan mahaifiyata ne, kuma an ɗauke shi ne ranar Alhamis ɗin da suka gama.