Yaya, ga labarin na'urar da kika gani a aljihuna

Assalamu alaikum Yaya. Ya Hajiya da yara, ya kuma hazon Kaduna? Mu nan Manchesta sanyi sai wanda ya gani, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu.

Kin tambaye ni abin da kika hango a aljihun rigar aikina cikin hoton nan. Kamar waya take, amma ta asibiti ce. Da na karɓi aiki nake zaro ta daga caji in sa lambata. A ciki nake shigar da abu shida da muke aunawa: numfashi, oksijin na jini, hawan jini, bugun zuciya, zafin jiki, da ko mara lafiya yana cikin hayyacinsa. Ita ke haɗa makin da kanta, bisa tsarin NEWS2 da ƙungiyar manyan likitocin Ingila ta fitar a 2017. In maki ya kai 5, dole likita ya zo da gaggawa. In ya kai 7, tawagar ceto ake kira.

Makon jiya ina aikin dare, wajen ƙarfe uku, na duba wani dattijo da aka yi wa tiyata. A ido lafiya lau, har yana tambayata shayi. Amma numfashinsa ya ƙaru, jininsa ya ɗan sauka, goshinsa da ɗumi. Ina gama shigarwa maki ya nuna 6, saƙo ya tafi wurin likita kai tsaye. Ban roƙi kowa ba, ban tsaya bakin ƙofa ina sallama ina jin nauyin tashin babba daga barci ba. Ya zo, aka ɗebi jini, aka fara allura kafin asuba. Ashe ciwon ne ya fara shiga jini.

Wallahi Yaya, da na koma kujera Baba ne ya faɗo mini a rai. Kin tuna daren nan, an ɗauke wuta, kina haska fayil da fitilar waya, nas ɗaya tana fama da ɗaki guda cike da mutane? Ta auna shi, ta rubuta da biro, takardar tana rataye a ƙarshen gado har gari ya waye babu wanda ya karanta. Ba na ganin laifinta ko kaɗan. Ta yi nata, hanyar da rubutun zai kai ga mai yanke hukunci ce babu.

Magani ma sai na haska lambar da ke awarwaron hannun mara lafiya, in ba nasa ba ne na'urar ta ƙi.

Kada ki ɗauka komai zuma ne. Ganin likitan unguwa sai ka yi ta buga waya tun takwas na safe, kuma yawanci kemis ba zai sayar maka da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba sai da takardar likita, kowane magani fam 9.90. Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsofaffin da za su yi sati ba mai leƙo su. Ina tuna ɗakunan asibitin da kike aiki, tabarma a ƙasa, fulas ɗin kunu, 'yar uwa tana fifita. Idon mai jinya yana kama abin da ni sai bayan awa huɗu zan dawo in auna.

Shi wannan lissafin maki akwai shi a takarda mai launi, ba ya buƙatar wuta ko intanet. Zan aiko miki da ita da ƙaramin ma'aunin oksijin na yatsa guda biyu, ki nuna wa shugabar ɗakinku, ku zauna da likitocin su yarda cewa maki 5 kira ne da ba a ƙi.

In mai zuwa ya samu, a sako mini kuka da yaji. Kilishi kam a bar shi, ƙwacewa suke a filin jirgi. A gaida Hajiya, ta sa ni a addu'a.