Sharhi kan gyaran tsohon bututun ƙarfe a gidanmu na Bauchi

Gidan da muka gada a Tsohuwar GRA bene ne, kuma bututun da ke sauko da ruwan banɗakin sama zuwa sokawe na ƙarfen zubi ne mai inci 4, irin na da. A watan Agusta bangon sito ya fara jiƙewa, wari ya hana mu sakat. Falamban da na fara kira ko tsani bai hau ba ya ce a fasa a zubar, a sa na roba gaba ɗaya. Kuɗin da ya yanka ne ya sa na nemi wani.

Na biyun dattijo ne, kuma aikinsa nake son yin magana a kai. Ya ɗauki ƙaramar guduma yana ƙwanƙwasa bututun a hankali daga sama har ƙasa, ya kasa kunne. Inda ƙarfen ke da lafiya sai ya amsa kamar ƙararrawa, inda ya ruɓe kuwa sai ka ji ƙarar ta mutu.

"Alhaji, ƙarfen nan da sauransa," in ji shi. "Abin da ke riƙe da shi ne ya gaza."

Ashe tsatsa ta cinye biyu daga cikin maƙalan da ke bango. Nauyin duk ya koma kan mahaɗar da aka toshe da igiya da dalma, ta buɗe. Reshen bututun da ke kwance shi ma ya sauka, ruwa yana kwana a ciki har ya ci ƙasansa.

Abin da ya fi burge ni, bai taɓa injin yanka ba sai da ya tokare bututun da katako ya ɗaure na sama. Na ce, "Baba, duk wannan na mene ne?" Ya ce ƙarfen zubi ba ya lanƙwasa, tsagewa yake, kuma idan aka yanke ƙasa ba a riƙe sama ba, zai iya ruftowa kan mutum. Kamar ƙafa 3 kawai ya cire, ya maye gurbin da bututun roba na PVC, ya haɗa su da robar da ake matsewa da zoben ƙarfe. Ya sa sabon maƙali kusa da kowace mahaɗa, ya gyara gangaren reshen, kwatan inci a kowace ƙafa. Da ya gama ya shimfiɗa busasshiyar jarida a ƙasa, yara suka yi ta juye bokitin ruwa daga sama. Ko ɗigo.

Inda ya ɓata mini rai shi ne alkawari. Kwana 2 ya ce, muka yi 5, iyali suna ta sintiri zuwa banɗakin tsakar gida, wayarsa kuma a kashe. Ramukan da ya huda a bango ma haka ya bar su, sai birkila na ɗauko ya lailaye. Duk da haka na ba maƙwabcina lambarsa, na dai ce su yi yarjejeniya kan ranar gamawa da gyaran bango tun kafin ya biya kafin alƙalami. Mu kam damina ta wuce, bangon sito ya bushe, har mun mayar da buhunan masara.